Amanar Mai Ciki da Haƙƙin Mutanen Gidanta: Nazarin Lamarin Wata Nas a Sashen Awo

Asalin lamarin

Wannan lamari, na wata mai ciki da aka samu tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki (HIV), ya faru ne a sashen awon ciki na wani babban asibitin gwamnati da ke wata ƙaramar hukuma a Jihar Kano, kafin dokar gwajin lafiya gabanin aure ta 2024 ta fara aiki a jihar. An sakaya sunan garin da na asibitin da na mutanen, an kuma lissafa lokaci da makonnin ciki da watannin jariri, domin kada a gane gidan da ake magana a kai.

Nas ɗin da lamarin ya shafa ta haura shekara 10 tana aiki, tana da takardar jinya da ta ungozoma, kuma abokan aikinta sun shaide ta da abu biyu: ba ta yi wa mara lafiya ƙarya, ba ta kuma kai zancen asibiti gida. Ta taso a gidan malamai, tana riƙe da hadisin da ke cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa asiri duniya da lahira, tana kuma riƙe da ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa. Akwai wani abu na rayuwarta da ya kamata a ambata tun farko, domin ya yi tasiri a kan abin da ya biyo baya: ita kanta uwargida ce a gidan mijinta, an yi mata amarya shekaru kaɗan kafin wannan lokaci.

Mai cikin kuwa shekarunta 24, bazawara ce da mijinta na farko ya rasu bayan doguwar jinya da danginsa suka ce taifot ce. Ta sake aure a matsayin mata ta biyu ga wani ɗan kasuwar hatsi, ba a yi gwaji kafin ɗaurin auren ba, kuma wannan ne cikinta na farko a gidan. Uwargidan tana da 'ya'ya huɗu, gida ɗaya suke zaune, ana raba girki kwana bibbiyu.

Mako na 18: ranar awon farko

An yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki tare da sauran mata bayan an yi musu bayani, kamar yadda ake yi wa duk mai ciki da ta zo awo. Gwajin farko ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar, na biyu da aka yi da wani kayan gwajin ya tabbatar. Nas ɗin ta shigar da ita ɗaki, ta rufe ƙofa, ta faɗa mata sakamakon ba tare da kewaye-kewaye ba. Matar ba ta yi kuka ba. Ta ɗan jima tana kallon katinta, sannan ta ce, "Sista, don girman Allah kada maigida ya ji. Idan ya ji, takardata zai ba ni, kuma kowa zai ce ni na kawo musu." Nas ɗin ta yi mata alkawari cewa ba wanda zai ji daga bakinta.

A ranar aka fara ba ta magani, domin tun 2016 tsarin Najeriya shi ne a fara wa duk wanda aka samu da cutar magani nan take. Ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir. An bayyana mata cewa idan ba a ɗauki wani mataki ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin kowane jarirai 100 da iyayensu mata ke ɗauke da cutar suna kamuwa a lokacin ciki ko naƙuda ko shayarwa, amma idan uwa ta riƙe magani adadin yana saukowa ƙasa da 5. An kuma ja mata kunne kada ta haɗa ƙwayar da maganin ƙarin jini a lokaci guda idan cikinta babu abinci, domin sinadarin ƙarfen yana hana maganin shiga jiki yadda ya kamata. Kafin ta fita sai da ta cire takardar da ke jikin robar maganin, ta cusa auduga a ciki don kada ƙwayoyin su riƙa kacau-kacau a jaka, ta ce a cikin langar da ke can ƙasan kwanukanta na jere za ta ajiye shi.

 Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya sanya bayanin lafiyar mutum a matsayin sirri, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da cutar, wadda ita ma ta 2014 ce, ta ƙara jaddada hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016 kan sanar da abokin zama, ta ce ma'aikacin lafiya ya taimaka wa mai cutar wajen sanarwar, amma da son ransa, ba da tilas ba.

Mako na 22: nasihar da ta kori mai ciki

Matar ta dawo a kan lokaci, ba ta tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Nas ɗin ta tambaye ta ko ta faɗa wa maigida, ta ce a'a. A tsawon watan nan nas ɗin ba ta samu sukuni ba, domin lissafin da ke zuciyarta shi ne: idan mijin bai kamu ba, kowane dare na girkin amarya haɗari ne gare shi, idan kuma ya riga ya kamu, uwargidan da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ce a bakin rami. Ta faɗa wa shugabar sashen daga baya cewa duk lokacin da ta tuna uwargidan, kanta take gani.

Saboda haka a wannan rana ta yi wa matar magana mai zafi. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma yi barazanar tona mata asiri ba, amma ta ce mata ɓoyewar zalunci ce, haƙƙin mijin da na abokiyar zamanta yana wuyanta, kuma Allah zai tambaye ta idan aka wayi gari 'ya'ya huɗu sun zama marayu. Ta ba ta wata guda ta je ta faɗa. Matar ta ce to, ta karɓi maganin wata ɗaya, ta tafi.

Ranar da aka sa mata a mako na 26 ba ta zo ba. Maganin da ke hannunta ya ƙare a makon.

Mako na 26 zuwa 29: neman ta, da shawarwarin da aka ƙi

An buga lambar wayar da ke katinta, sai muryar namiji ta amsa, ashe wayar mijin ce. Nas ɗin ta gaishe shi, ta ce daga wurin awo ne, ana tuna wa maiɗakinsa cewa ranarta ta wuce, ta tsaya a nan. Abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma bai fitar da komai ba, amma bai dawo da matar ba. An ji daga baya cewa kiran ya ƙara firgita ta, ta ɗauka gargaɗi ne ake aika mata ta hannun miji.

A zaman da ma'aikatan sashen suka yi, an kawo shawara biyu. Ta farko ita ce a tura mai bibiyar waɗanda suka daina zuwa karɓar magani har gida. An ƙi wannan saboda a unguwar an san mutumin da aikin da yake yi, ganinsa a ƙofar gida kaɗai ya isa sanarwa. Ta biyu ita ce a kira mijin a ce ana buƙatar ya ajiye jini saboda haihuwa, kamar yadda aka saba neman mazaje su yi, tunda ana tantance duk jinin da aka bayar, ta haka a san matsayinsa ba tare da an ce masa komai ba. Nas ɗin ce ta fara tashi ta ƙi wannan shawara, duk da cewa ita ta fi kowa son sanin sakamakon mijin. Hujjarta ita ce gwada mutum ta bayan fage yaudara ce, kuma idan sakamakon ya fito ba a san yadda za a faɗa masa ba sai an ƙara wata ƙaryar a kai. Shugabar sashen ta goyi bayanta, amma ta kira ta gefe ta tambaye ta abin da ya wakana a mako na 22. Da ta ji, sai ta ce mata, "Kin riƙe sirrin da bakinki, amma kin sa ta ji kamar kin gaji da riƙonsa. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ta kuma nuna mata lissafin da ya kuɓuce mata: matar da ke shan magani kullum, ƙwayar cutar tana raguwa a jininta cikin 'yan watanni har ta kai inda ba ta sa wa miji, wadda ta daina kuwa ƙwayar tana dawowa, don haka makonnin nan da aka rasa sun ƙara wa jaririn da mijin da uwargidan haɗari gaba ɗaya.

Hanyar da aka bi ita ce ta wata mata mai tallafa wa masu ciki a sashen. Irin waɗannan mata su ma suna ɗauke da cutar, sun haifi 'ya'ya lafiyayyu ta hanyar riƙe magani, ana kuma ɗaukar su don su ƙarfafa wa sababbi gwiwa. Mai tallafin ba ta sa kayan asibiti ba. Ta yafa mayafinta, ta shiga gidan da hantsi a matsayin wadda suka haɗu wurin awo ta biyo ta duba ta. Ta gaisa da uwargidan a tsakar gida, ta sha ruwa, sannan suka shiga ɗaki. Saƙon da nas ɗin ta ba ta gajere ne: ta dawo ta karɓi maganinta, ba wanda zai sake tsare ta da maganar faɗa wa miji.

Mako na 29: dawowa, da tambayar da ba a yi ba

Matar ta dawo bayan kusan mako uku babu magani. Nas ɗin ta ba ta haƙuri a gaban mai tallafin, ta ce, "Ƙanwata, na matsa miki a inda bai kamata ba. Alkawarina yana nan. Har yanzu ina ganin ya dace maigida ya sani, ba zan ɓoye miki ra'ayina ba, amma ke za ki zaɓi lokaci da hanya, kuma ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba maganinki yana jiran ki." Aka mayar da ita kan ƙwayar, aka sauya lambar wayar da ke katin zuwa ta yayarta wadda ita kaɗai ta san halin da ake ciki.

A wannan zaman ne mai tallafin ta yi tambayar da ba a yi ba a mako na 18: ko tana da ɗa daga auren farko. Akwai, yarinya 'yar shekara 4, tana hannun kakarta ta wajen uwa a ƙauye, kuma tana yawan zazzaɓi da gudawa da ƙuraje, jikinta ba ya kumari. Katin awo ya nuna haihuwa ɗaya a baya, amma ba wanda ya bi sawun wannan layi, domin hankalin kowa ya tafi kan miji da kishiya. A mako na 31 aka kawo yarinyar, aka gwada ta, aka samu tana ɗauke da cutar. An fara mata maganin yara wanda ake narkarwa a ɗan ruwa, tare da maganin kariya daga cututtukan da ke samun masu raunin garkuwa.

Wannan sakamako ya sauya tunanin matar fiye da duk wata nasiha. Ta ga da idonta abin da rashin sani ya yi wa 'yarta na tsawon shekara huɗu, ta kuma fahimci cewa cutar ta riga wannan auren, ba ta hanyar wani abin kunya ta same ta ba. Ita da kanta ta tayar da maganar mijin a mako na 33.

Mako na 34 zuwa 36: sanar da miji

An ɗauki jininta a mako na 34 don auna yawan ƙwayar cutar. Sakamakon ya dawo bayan mako biyu, ƙwayoyin cutar ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini, wato maganin yana aiki, amma bai sauko ƙasa da 200 ba, wanda shi ne matakin da bincike ya tabbatar ba a sa wa abokin zama ta hanyar saduwa.

An shimfiɗa mata hanyoyin da ake bi: ta faɗa da kanta a gida, ko ma'aikaci ya gayyaci mijin ba tare da ambaton sunanta ba, ko a yi yarjejeniyar wa'adi, wato idan ba ta faɗa cikin lokacin da aka tsayar ba ma'aikaci ya gayyace shi, ko kuma ta faɗa masa a asibiti a gaban ma'aikaci. Ta zaɓi ta ƙarshe, bayan an tambaye ta dalla-dalla ko mijin ya taɓa dukan ta ko yi mata barazana, ta ce bai taɓa ba. Ta roƙi alfarma guda, wato a sake gwada su tare a yi kamar ranar aka gano. Nas ɗin ta yarda a gwada su tare, amma ta ce ba za ta iya nuna mamakin ƙarya ba, kuma idan ya tambaye ta tun yaushe aka sani, za ta ce matarsa ce ke da ikon amsawa. An ɗauki lokaci ana wannan muhawara, matar ta yi fushi, sannan ta ce ta ji, za ta faɗa masa gaskiya har da maganar yarinyar.

An aika wa mijin takardar gayyatar da sashen ke ba kowace mai ciki ta kai gida. Ya zo ranar da ba ta kasuwa ba. Matar ta yi magana kanta a sunkuye, nas ɗin da wani ma'aikaci namiji suna zaune. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya miƙa hannu ya ce a gwada shi. Sakamakonsa ya nuna ba ya ɗauke da cutar. An bayyana masa cewa samun ma'aurata ɗaya na da ita ɗaya ba shi da ita abu ne da ake gani sosai, cewa dole ya sake gwaji bayan wata uku domin sabon kamu ba ya bayyana nan da nan, cewa akwai kwaroron roba da ƙwayar rigakafi da zai iya sha har lokacin da jinin matarsa zai nuna ƙwayar ta kwanta, kuma cin abinci tare ko shan ruwa a kofi ɗaya ba ya yaɗa ta. Ya tambayi nas ɗin, "Malama, wannan cikin fa?" Ta ce idan aka haihu a asibiti aka bi ƙa'ida, ana kyautata zaton jaririn zai tsira.

Abin da matar ta ji tsoro ya faru rabi. Bai sake ta ba, amma da daren ya ce ta tafi gidan iyayenta ta haihu a can. Uwargidan da maƙwabta sun ɗauka saboda nauyin ciki ne.

Haihuwa zuwa wata na 18

Ta haihu a asibitin a mako na 39, namiji, mijin ne ya biya kuɗin mota. An fara ba jaririn ruwan maganin nevirapine, mai kare shi daga kamuwa, a ranar, sau ɗaya kullum da ɗan sirinji a baki, har mako shida. Wahalar jego ta zo daga inda aka saba: kakar ta so a ba jaririn ruwa saboda zafin gari, aka kuma kira wanzami don cire belun wuya. Mai tallafin ta je ta zauna da tsohuwar, wadda a lokacin ta riga ta san komai saboda jikarta da take ba magani, ta bayyana mata cewa nono zalla ake so har wata shida, domin haɗa shi da ruwa ko koko a watannin farko yana ƙara haɗarin kamuwa. An bar wanzami ya yi askin suna kawai, da sabuwar reza.

Gwajin jinin jaririn na mako shida bai nuna cutar ba. Bayan 'yan makonni mijin ya sake gwaji, shi ma babu, kuma awon jinin matar na wata na uku bayan haihuwa ya nuna ƙwayar ta sauko ƙasa da 50. Mijin ya zo da kansa ya ga takardar, ya sa aka maimaita masa ma'anarta sau biyu, bayan mako guda ya mayar da ita ɗakinta. Ya kuma kawo uwargidan asibiti, aka yi mata bayanin gwajin kamar yadda ake yi wa kowa, ta yarda, sakamakonta ya fito babu cutar. An yaye yaron bayan ya cika shekara, gwajin ƙarshe na wata na 18 ya tabbatar lafiyarsa ƙalau. Yarinyar farko ta yi ƙiba, gudawar ta tsaya, tana zuwa karɓar magani tare da kakarta.

Hukunci

Duk abin da nas ɗin ta faɗa a mako na 22 gaskiya ne, kuma damuwarta da uwargidan ba son zuciya ba ce. Inda ta kauce shi ne ta bar halin da take ciki a gidanta ya zaɓar mata wanda za ta tausaya wa, har ta ɗora wa mai ciki, wadda ba ta wuce wata guda da jin labarin cutarta ba, nauyin da ba ta shirya ɗauka ba, ta kuma sa mata wa'adi. Sakamakon shi ne mako uku babu magani a tsakiyar ciki, kuma da jaririn ko mijin ya kamu a wannan tazara, da babu hanyar gyarawa. Haka nan wannan karkata ta hankali zuwa gidan miji ce ta sa yarinyar da ta riga ta kamu ta ƙara mako 13 ba a gano ta ba, alhali tambaya ɗaya ta isa.

A gefe guda kuma, ɗabi'un nan nata su ne suka hana lamarin lalacewa. Ƙin gwada mijin a ɓoye da ƙin yin mamakin ƙarya sun jinkirta abubuwa, sun ma ɓata wa matar rai, amma su suka sa lokacin da nas ɗin ta ce wa mijin matarsa ba za ta sa masa cutar ba muddin tana shan magani kuma ƙwayar ta kwanta a jininta, ya gaskata ta. A ganin mai wannan rubutu, imanin ma'aikacin jinya yana da hurumi a kan abin da shi kansa zai aikata ko ya ƙi aikatawa, yana kuma da damar faɗin ra'ayinsa a sarari sau ɗaya, amma ba shi da hurumin zama sharaɗi tsakanin mara lafiya da maganinsa, ko da a murya ce kawai sharaɗin ya fito.

Bayan wannan lamari sashen ya ƙara tambayar 'ya'yan auren baya cikin abin da ake yi ranar farko, ya kuma daina rubuta lambar waya a kati sai an tambayi ta wace ce. Abu ɗaya ya rage ba a warware ba. Uwargidan har yanzu ba ta san matsayin abokiyar zamanta ba, mijin da matar sun zaɓi haka, kuma tunda mijin ba ya ɗauke da cutar, matar kuma ƙwayar ta kwanta a jininta, babu hujjar likitanci da za ta tilasta sanar da ita. Nas ɗin ta ce idan ita ce a matsayin uwargidan za ta so a faɗa mata. Ta bayyana wa ma'auratan hakan sau ɗaya, suka ce ba yanzu ba, ita kuma ta ci gaba da tuna wa mijin ranar gwajinsa da auna jinin matar a kan kari.